Baiti Biyu da Na Yanke daga Waƙar Inna

Shekaranjiya da azahar aka yi ƙanƙara a Jos. Ina zaune ina tsintar shinkafa sai rufin kwano ya ɗauki ƙara kamar ana watsa masa tsakuwa, jikokina biyu suka fita da kofuna suna tara. Ban hana su ba. Na dai ajiye farantin, domin duk shekarar da marka ta zo da ƙanƙara hankalina komawa yake Kuru, ga wata damina ta tsakiyar shekarun dubu biyu, da wani guntun tef da na yanke da hannuna.

A lokacin ina aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Ina karanta labarai, ranar Asabar kuma ina gabatar da shirin yara. Wanda ya koya mini aiki yakan ce rediyo ba ta san "saura kaɗan" ba, na kuwa riƙe maganar fiye da yadda ya yi nufi. Har zuwa daminar nan ban taɓa shiga lokacin wani da daƙiƙa ɗaya ba. In aka ba ni minti goma sha biyar, a kan goma sha biyar cif nake rufe baki, har injiniyoyi suna cewa da muryata suke saita agogo.

A wata unguwar leburorin kuza kusa da Kuru aka haife ni. Ina shekara shida ƙanwar mahaifina ta ɗauke ni riƙo zuwa Jos saboda makaranta. Kamfanin kuza ya tashi, mahaifina ya rasu, mahaifiyata, wadda kowa ke kira Inna, ta ƙi barin gidan. Ta ce ita da ramukan nan sun saba.

Shekara uku kafin daminar da nake magana, na ɗauki rikoda na je wurinta neman waƙoƙin yara. Ta yi mini na tashe, na daka, na reno, sannan ta yi wata da ta kira waƙar hanya, tana bayarwa tana amsa wa kanta:

Ɗan tsako, fito da dama,
Na fito, Kaka, na fito.
Dutsen raƙumi, ce masa sannu,
Na ce, Kaka, na ce.
Ƙerana na hagu, kar ta taɓa ka,
Na kauce, Kaka, na kauce.
Jan tudu in ya kira ka, bi ta bayansa,
Na bi, Kaka, na bi.
Koriyar shimfiɗa ba ta kwanciya ba ce,
Na ƙi, Kaka, na ƙi.
Turare uku, shiga tsakani,
Na shiga, Kaka, na shiga.
Ga gona, ga uwarka,
Na iso, Kaka, na iso.

Ina jin ta na san na samu taken shiri. Da nake naɗe waya Inna ta ce, "Ke 'yar rediyo, wannan ki bar ta yadda take. Kowane baiti da aikinsa." Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi.

Taken shirin daƙiƙa arba'in ne. Waƙar Inna hamsin da ɗaya. Na zauna gaban inji na saurara sau uku, na ga baitin jan tudu da na koriyar shimfiɗa sun fi sauran tsawo, suna kuma karya kiɗan tafi. Na sa alli a kan tef ɗin, na sa reza, na haɗa bakin biyu. Abin da ya faɗi ƙasa bai fi tsawon gyale ba. Na dunƙule shi na jefa a kwando. Aikin ya yi kyau, ko ni da na yi ba na jin wurin haɗin. Daga nan na tara yara goma a sutudiyo, har da 'yata ta fari Rabi, suka hau amshi a kan muryar Inna. Duk Asabar da ƙarfe huɗu, shekara uku, da wannan ake buɗe shirin. Inna ba ta taɓa saurara ba. Ta ce ba za ta zauna tana jin kanta tana magana daga cikin akwati kamar aljana ba.

Shekarar da abin ya faru, ma'aikata suka shiga yajin aiki tun farkon bazara, aka rufe ƙofar tashar, albashi ya tsaya. Maigidana ya riga ya rasu shekara biyu kafin nan. Na jure wata biyu a gari, na sayar da abin da zai sayu, da na ga buhun masara ya kai gindi sai na kwashi Rabi mai shekara tara da Ummi mai biyar muka koma wurin Inna. Tana da gona a ƙetaren tsohon filin kuza, iyaka ɗaya da gonar maƙwabciyarta Ngo Kachollom, wadda suka shekara arba'in suna aron gishiri da wuta. Mijin Ngo, Da Gyang, ya yi haƙar loto da ƙuruciya, wato ramin nan mai zurfi kamar rijiya da ake shiga a bi jijiyar kuza ta ƙarƙashin ƙasa. Filin da ke tsakanin gidajen da gonakin cike yake da su. Ba a cike ko ɗaya ba. Da rani ana ganin bakinsu, da damina ciyawa ke rufe su.

Ngo ta dubi hannuna ranar farko ta yi dariya. "Maman Rabi, wannan hannun biro ne. Fartanya zai ci shi." Ta kuwa ci shi. Sati biyu ina ɗaure tafin hannu da tsumma. Muka shuka masara da dankalin Turawa, muna yin gayya: yau gonarta, gobe tamu. Ruwa ya sauka da wuri, shuka ta tashi kore shar, har na fara lissafin yadda zan kai dankali kasuwar Farin Gada in tsaya a gaban dillalai kamar kowace manomiya.

Sai marka ta kama, ta ƙi saki. Wanda bai yi watan Agusta a kan tudun nan cikin ɗaki mai yoyo ba bai san sanyin damina ba. Kwana goma sha ɗaya ba mu ga rana ba. Wanki ba ya bushewa, sai ya yi tsami a kan igiya. Katifa ta ɗauki danshi, gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa sai an ɗumama ta a hammata. Itace jiƙaƙƙe hayaƙi kawai yake yi, idanun yara kullum ja. Ganyen dankali ya fara baƙi daga gefe kamar an babbaka shi, gona ta ɗauki wani wari irin na ruɓaɓɓen buhu. Muka koma cin abinci sau ɗaya, da rana: gwate na tsakin masara da yakuwa da gauta, babu mai, sai ɗan gishiri. Da safe ruwan zafi da ganyen lemun tsami. Ummi ta daina tambayar burodi, wannan ya fi tambayar ciwo.

A nan na ga amfanin waƙoƙin Inna, ba irin wanda na sani a sutudiyo ba. Tsaki yana daɗewa bai nuna ba a kan jiƙaƙƙen itace, yara kuwa tun hantsi suke zagaye murhu. Sai Inna ta kafa doka: tukunya ba ta nuna sai ta ji waƙa bakwai. Ta zauna a kan turmi da gwiwarta mai ciwo a miƙe, ta fara:

Tukunya, me kike cewa?
Fal-fal-fal.
Wa ya ba ki wuta?
Karan bara.
Wa ya ba ki gishiri?
Maƙwabciya.
Wa za ki ba?
Mai haƙuri.

"Inna, wannan ta bakwai ce," in ji Rabi.

"Ta biyar ce, mai bakin aku. Uwarki ce ke da agogo, ni ba ni da shi."

"Wallahi Inna da maguɗi kike cin zaɓe."

"Na ci. Kai ƙara."

In wuta ta yi gardama, waƙa bakwai takan zama goma sha biyu. Takan ja amshi, ta ƙara baiti daga kanta, ta sa Ummi ta yi rawar kaza mai jin sanyi. Ni ina gefe ina fifita wuta, kunnena na aiki yana cewa nan ta yi tsawo, nan ta maimaita. Sai daga baya na gane tsawon shi ne aikin. Waƙar hanya kaɗai ba ta shiga cikin bakwai ɗin ba. Na taɓa jin ta tambayi Rabi ko ta iya ta, Rabi ta ce, "Ni da na yi ta a rediyo?" Inna ta ce madalla, an rage mata aiki.

Ranar wata Laraba da hantsi ƙanƙara ta sauka. Ba ta fi minti ashirin ba. Da ta ɗauke, masarar da ta fara fitar da gemu ta zama tsumma, ganye a tsattsage, kara a kwance. Doguwar ciyawar filin kuza ma ta kwanta gaba ɗaya kamar an bi ta da abin birgima. Ngo ta zo bakin ƙofa da buhu a ka, ba ta ko yi sallama ba.

"Maman Rabi, tashi. Masara ya tafi. In ba mu tone dankali yau da gobe ba, shi ma zai ruɓe a ƙasa."

Muka fita. Ngo na gaba ina bin sawunta, kamar kullum. Ban taɓa tafiya gonar nan ni kaɗai ba, ban kuma taɓa tambayar dalilin da ya sa turbar ke yin gwiwa ta zagaya wani tulin jar ƙasa ba, alhali ga itatuwan turare can a miƙe. Ranar ma turbar ba ta ganuwa, ciyawa ta rufe ta, Ngo da ƙafa ta san ta.

Muka yi ta tono cikin yayyafi. Cikin kowane dankali uku, biyu sun yi laushi, in ka matsa sai su fashe da ruwa mai wari. Azahar ta yi, ta wuce. Inna ce takan kawo mana gwate gona, amma tun jiya gwiwarta ta kumbura. Da ban ga kowa ba na ce a raina ta hana yaran fita saboda hazon da ya sauko, na kuma ji daɗin haka. Ngo ta ciro ɗanyen dankali mai kyau ɗaya ta goge a zane ta raba mana. Muka ci gaba har la'asar.

Da na shiga gida da buhu a ka, Inna na zaune a kan turmi, Ummi na barci a cinyarta.

"Ina kwanon?" ta ce. "Ko kun bar wa mai bakin aku ta ɗauko?"

"Wane kwano?"

Ta dube ni. Na dube ta. Na sauke buhun a hankali.

"Tun azahar na aike ta," in ji Inna. "Da gwate."

Ban san lokacin da na fita ba. Na ji dai muryata tana kiran Da Gyang, ba irin muryar da na sani ba. Kafin minti goma unguwar ta fito, masu dawowa daga masallaci da masu dawowa daga gona. Kowa kuma wuri ɗaya ya nufa: babban kududdufin da kamfani ya bari a gabas da filin, wanda ya saba cin yara. Maza suka yanko gora suna caccakar bakin ruwa. Mata suna kiran Rabi, Rabi, ta ko'ina. Ruwan ja ne, yayyafi na faɗa masa, ba ya nuna komai. Na shiga har gwiwa ina lalube da hannu cikin laka, wani ya janyo ni. Na sake shiga. Ina tuna cewa ina lissafi: azahar zuwa yanzu awa uku da rabi, magariba saura awa ɗaya da 'yan mintoci, in duhu ya yi babu mai taka filin nan. Kaina bai daina ƙidaya ba ko a lokacin, na tsane shi saboda haka.

Ngo ce ta zo ta kama ni ta kafaɗa. "Inna yana kiranki. Ya ce ki zo yanzu-yanzu."

Na same ta a ƙofar gida, ta dogara da taɓarya, Ummi na tsaye a gabanta tana rawar sanyi.

"Yarinyar nan ba ta kududdufi," in ji Inna. "Ba hanyarta ba ce. Da za ta fita na ce mata turba ta ɓace, ta bi waƙa. Ta ce ta iya. Wanda ya bi waƙar nan ko makaho ne zai isa gona." Ta juya ga Ummi. "Uwata, yi mini waƙar hanya. Yadda yayarki take yi. Yi wa uwarki ta ji."

Ummi ta buɗe baki, da 'yar muryarta, tana bayarwa tana amsawa, har da tafin da muke yi a sutudiyo. Ɗan tsako. Dutsen raƙumi. Ƙerana na hagu, na kauce, Kaka, na kauce. Turare uku, shiga tsakani.

"Tsaya," in ji Inna. "Daga ƙerana sai ina?"

"Turare uku."

"Wa ya koya muku haka?"

Ummi ta nuna ni da yatsa.

Sai a lokacin na ga abin. Dutsen nan mai doro da muke wucewa kullum. Shingen ƙerana. Tulin jar ƙasa da turba ke zagayawa. Wata uku ina taka waƙar da ƙafata ban gane ta ba.

"Ina jan tudu?" in ji Inna. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na yanke."

"Koriyar shimfiɗa fa?"

"Ita ma. Lokaci ne bai isa ba, Inna."

Inna ta miƙa wa Ngo hannu ta ce, "Kachollom, kira mijinki, ya zo da igiya da gungume. Ki ce masa shimfiɗa." Na ga fuskar Ngo ta canja da jin kalmar.

Wasu samari biyu suka ɗauki Inna a kan kujera. Muka wuce dutsen, muka kai ƙarshen shingen ƙerana, ta ce a sauke ta. Daga nan, ta saman hazo, ana hango kan itatuwan turare uku, kusa ƙwarai, kamar ka miƙa hannu. Tsakaninmu da su wani fili ne shimfiɗaɗɗe, ciyawarsa ta fi ta ko'ina kyau. Da Gyang ya ce loto bakwai ne a ciki da ya sani, akwai kuma waɗanda bai sani ba. Ya hana kowa wuce shingen. Mutanen kududdufi suka iso, suka jeru, suka ci gaba da kira. Rabi! Rabi! Murya talatin, wata kan wata, ga yayyafi, ga kukan mata. Ni ma ina ciki.

Inna ta buga taɓarya a kan dutse.

"Ku yi mana shiru! Kuna ta kira, wa ya bar mata wurin amsawa?"

Aka yi tsit.

"Ke 'yar rediyo," ta ce, "muryata ba za ta kai ba. Taki ce ke zuwa har Bauchi. Ba da waƙar. In kin bayar ki rufe bakinki, ki jira. Kar ki cike mata gurbin."

A aikinmu babu abin da ake tsoro kamar shiru. Daƙiƙa uku ba magana, injiniya zai fara buga gilashi. An horar da ni in toshe kowace kafa. Na tsaya a bakin filin, na cika ƙirji kamar jar fitilar sutudiyo ta kama, na bayar:

"Ɗan tsako, fito da dama!"

Na jira. Ruwa na ɗiga daga ƙerana. Wani jariri ya yi tari a bayan uwarsa. Babu komai. Na buɗe baki zan ci gaba, Inna ta daki ƙafata da taɓarya. Na ƙara jira. Babu.

Da Gyang ya kama hannuna, yana caka gora a gabansa kafin kowane taku, ya shigar da ni taku goma cikin filin. Na sake bayarwa. Shiru. Taku goma kuma. Haske ya fara ja baya, na ga ba na iya rarrabe fuskokin da ke bakin shinge.

"Dutsen raƙumi, ce masa sannu!"

Na ƙidaya a zuci ba da so ba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. A ta bakwai, daga ƙasa, ta hannun dama, wata 'yar murya kamar daga cikin tulu:

"Na ce, Kaka, na ce."

Da Gyang ya matse hannuna har ya yi ƙara. "Sake," ya ce a hankali. "Kar ki motsa. Sake."

Na bayar da ƙerana. Ta kauce. Yana bin muryar da kunne, yana rarrafe, yana buɗe ciyawa da gora. Na rasa abin da zan bayar na gaba, sai bakina ya kawo wanda na yanke.

"Jan tudu in ya kira ka, bi ta bayansa!"

Shiru ya yi tsawo. Sannan muryar ta ce, da kuka, "Mama, ban san wannan ba."

A kan wannan maganar ya samu ramin.

Bakinsa bai fi faɗin faifai biyu ba. Aka gitta gungume, aka ɗaura igiya, dattijon da ya haura sittin ya tuɓe riga ya sauka yana neman tsofaffin matakan da aka sassaƙa a bango da yatsun ƙafa. Daga baya ya gaya mana gaba huɗu ta faɗa, wani tsohon katako da ya tokare a tsakiya ya tare ta, ruwa kuma ya riga ya kai mata ƙirji yana hawa. Ta yi ta ihu tun azahar har murya ta ƙare. Ta ce ta ji ana kiran sunanta daga nesa, tana amsawa ba a ji, har ta daina.

Aka jawo ta ɗaure a bayansa ana kiran magariba. Jikinta fari fat kamar an jiƙa rogo, leɓɓanta shuɗi, ƙafar hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Na rungume ta, Ngo ta kwance zanenta na sama ta rufa mana. Haƙoranta na kaɗawa, tana son ta faɗi wani abu. Na kai kunne.

"Mama, gwaten ya zube. Duka."

Motar wani mai sayen dankali ce ta kai mu asibiti a Jos. Wata biyu ta yi a kwance. Ƙafar ta haɗu, amma ta gajarta kaɗan, har yau in ta gaji ana gani.

Na jira faɗan Inna, bai zo ba. Da ta zo dubiya ta zauna a bakin gado tana ɓare wa Rabi lemo, ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, matan leburori ne suka yi waƙar tun kafin a kawo ta unguwar tana amarya, don yaran da ke kai wa iyayensu abinci. Duk lokacin da aka haƙa sabon rami a kan hanya sai a ƙara baiti. Na shimfiɗa an ƙara shi ne bayan ɗan wata mata ya faɗa, ba a same shi ba sai da rani. Na turare ita da kanta ta ƙara, shekarar da aka dasa su.

"Laifina ne da ban gaya miki ba," ta ce. "Na ɗauka wanda aka haifa a wuri ya san wurin."

Ngo ce ta ƙarasa ni. Ta ce, "Ai ba Rabi kaɗai ba. Jikokina ma naki suke yi. Duk yaran unguwa na rediyo suke yi, sun ce na tsofaffi ya yi tsawo."

Don haka sauran daminar, duk ranar da na bar Rabi da ƙanwar mahaifina na koma Kuru neman abin da ya rage a gona, sai na tara yaran unguwar da yamma, na Inna da na Ngo, mu tafi a jere daga ƙofar gida har turare uku. A kowane wuri mu tsaya, su taɓa dutsen, su nuna ƙerana, su zagaya jan tudu da ƙafarsu, su tsaya nesa su nuna shimfiɗa su ce na ƙi, Kaka, na ƙi. Da yunwa muke yi, masara ba ta ba da komai ba sai abin da Ngo ta raba mana na acca. Wasu yaran suna gardama, suna cewa ba haka ake yi a rediyo ba. Nakan ce musu ni ce rediyon, kuma na yi kuskure.

Aka janye yajin aiki bayan kaka. Asabar ta farko na zo da sabon tef da na sake ɗauka a bakin Inna. Injiniya ya ɗora, ya duba agogo, ya ce ta cikin gilashi, "Anti, taken nan ya yi tsawo fa. Hamsin da ɗaya." Na ce na sani. Ya ce a rage wani wuri a cikin shirin. Ban rage ba, domin na ɗauki mintina na ƙarshe ina gaya wa yara abin da kowane baiti yake nufi, da cewa in kakarsu ta koya musu waƙa su tambaye ta aikinta. Ranar labaran ƙarfe huɗu da kwata suka makara da daƙiƙa goma sha ɗaya. Aka ba ni takardar gargaɗi, ita kaɗai na taɓa samu a shekara talatin, tana nan cikin akwatina.

Inna ta rasu shekara shida bayan haka, Da Gyang ya bi ta. An baje jan tudu, an yi gidaje a wajen dutsen raƙumi, turare ukun saura ɗaya. Shimfiɗa dai tana nan, ba wanda ya yarda ya sayi filin.

Shekaranjiyan nan, da ƙanƙara ta narke a kofunan jikokina, ƙaramar ta hau cinyata ta ce in yi mata ɗan tsako. 'Ya'yan Rabi ne, a Jos aka haife su, ba su taɓa ganin loto ba. Na fara, suna amsawa. Muna kaiwa ƙerana babban ya ce, "Kaka, ki tsallake zuwa gona, kartun ya kusa farawa."

Kafin in buɗe baki, muryar uwarsu ta fito daga kicin, tare da ƙarar takunta, ɗaya mai nauyi ɗaya mara nauyi.

"Ba a tsallakewa. Zauna ka bi ta bayan tudu."